Gyaran Ƙasan Tsohuwar Jif da Tsatsa ta Ci a Legas

Tsohuwar Land Cruiser, Pajero ko Patrol tana iya haura shekara 25 injinta ƙalau, amma in ka ɗaga kafet sai ka hango titi ta ƙarƙashin ƙafar direba. A Legas abin ya fi sauri. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, laima ba ta ɗaukewa, ga ambaliyar Lekki da Ajah wadda masu jif suka fi kowa afka mata don sun yarda da tsayin motarsu. Tokumbo, wato tsohuwar motar da aka shigo da ita, da ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada kuwa, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da ciwonta take sauka a tashar jirgin ruwa ta Tin Can.

Duk da haka, daɓen mota ya fi ruɓewa daga ciki. Tsumman da ke ƙarƙashin kafet yana shan ruwa ya riƙe shi makonni, saman kafet kuma a bushe. Shi ya sa ba a fara kiran mai walda sai an gano ta inda ruwan yake shiga.

Ka kwance kujeru, galibi noti 4 kowace. In akwai soket mai launin rawaya a ƙarƙashin kujera, na jakar iska ta kariyar haɗari ne: cire kan batir na baƙar waya, ka jira mintunan da littafin motar ya faɗa kafin ka taɓa shi. Fitar da kafet da tsumman gaba ɗaya. Daga nan mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani ya riƙa sakin ruwa da tiyo, a fara daga ƙasan ƙofa ana hawa sama a hankali, don in aka fara daga rufi ko'ina zai jiƙe ba za a gane komai ba. Wuraren da aka fi kamawa su ne robar gilashin gaba, magudanar da ke ƙasan waifa wadda ganye da ƙasa ke toshewa, robar ƙofa da ta mutu, da ƙananan ramukan gindin ƙofa. In gefen fasinja ne kawai ke jiƙewa ko ba a yi ruwan sama ba, duba tiyon da ke zubar da ruwan esi, ya toshe ko ya zame yana zuba a ciki. Akwai kuma masu wankin mota da ke sakar wa ciki tiyo, su mayar da kafet a jiƙe.

Bayan haka sai awon ɓarna. Kankare baƙar kwaltar da kamfani ya manna a daɓen don rage ƙara, domin tsatsa tana bi ta ƙarƙashinta. Bi wurin da buroshin waya na garanda, sannan ka soka sukudireba da ƙarfi ko'ina, kada ka ji tausayinsa. Inda ya tsaya ƙyam, tsatsar sama ce: a goge, a shafa maganin tsatsa mai ruwan fosforik, a bar shi ya yi baƙi ya bushe, a yi fenti. Inda ya lotsa ko ya huda, ƙarfen ya mutu, kuma babu maganin da ke mayar da shi. Zagaye wurin da alli, ka ƙara santimita 2 zuwa 3 cikin lafiyayyen ƙarfe. Ramin da kake gani kamar bakin rijiya ne, ɓarnar ta fi shi faɗi a ƙasa.

A nan ne ake cutar masu mota. Wani mai gyaran bodi zai shimfiɗa kwanon rufi ya buga ribit, ko ya cusa fila, wato kwaɓin cike lotsawar bodi, ya malala kwalta a kai, mota ta fito tas. Kwanon rufi bai kai rabin kaurin da ake buƙata ba, fila kuma tana shan laima ta baya, damina ɗaya ko biyu ramin ya dawo ya fi na da. Mafi muni shi ne a yi haka kusa da mazaunin kujera, notin bel ɗin kujera, ko inda bodi ya zauna a kan shasi. Waɗannan wurare su ke riƙe mutum ranar haɗari, walda kaɗai suke karɓa, kuma in da kamfani ya ninka ƙarfe a wurin, a sake ninkawa.

Faci mafi kyau shi ne yankan daɓe na irin motar daga masu yanka bodi a kasuwar Ladipo, saboda yana zuwa da lanƙwasarsa. Ka juya shi ka soka kafin ka biya. In bai samu ba, sayi sabon faranti mai kaurin milimita 1 zuwa 1.2, ana samu a kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin. Kada a ce a sa mai milimita 2 don ƙarfi: ba ya lanƙwasuwa, kuma wutar da za ta narka shi ta ƙone tsohon ƙarfen da ke gefensa. Farantin da aka yi wa ruwan tutiya sai an goge bakinsa kafin walda, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. A fitar da siffar ramin da kwali, a zana a kan farantin, kuma in facin ya fi tafin hannu biyu a buga masa layukan kwari irin na daɓen asali, in ba haka ba zai riƙa lotsawa yana ƙara duk sanda aka taka.

Kafin garanda ta taɓa ƙarfe, shiga ƙarƙashin motar ka duba. Bututun mai, bututun birki da wayoyi suna bi ta nan, wani lokaci tazararsu da daɓen ba ta kai yatsa 2 ba. A kwance su a janye, ko a kare su da faranti da jiƙaƙƙen buhu. In aikin na kusa da tanki ne, a sauke tankin. Batir a cire, tukunyar kashe gobara a kusa, mutum ɗaya kuma ya tsaya yana kallon ɗaya gefen, don kwaltar ƙasa tana kamawa mai walda bai sani ba.

Waldar MIG, wadda injin ke turo siririyar waya tare da iskar gas, ita ce ta fi dacewa da siririn ƙarfe. Ta sandar lantarki tana huda shi. Ta kabayid, wadda ita ce ta cika garejojin Agege da Idi-Araba, tana yi a hannun gwani, sai dai zafinta yana bazuwa, ya murɗe farantin ya ƙone fentin da ke bayansa, saboda haka duk inda wuta ta bi sai an goge an sake fenti. A haɗa baki da baki in zai yiwu. In dole sai an ɗora wani kan wani, kada ya wuce santimita 1, domin tsakanin nan ruwa yake kwana. A ɗiga walda kowane santimita 3 a zagaye, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan ana barin ya huce, sannan a cike tsakani da kaɗan-kaɗan. Inda daɓen ya hau kan ƙarfen gicciye, a huda ramuka masu milimita 6 zuwa 8 a cike su da walda. An gama, a goge, a haska tocila ta ƙasa: duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai ɓullo.

Ɗanyen ƙarfe a Legas ba ya kwana. Da safe za ka tarar ya yi ja, don haka a ranar a wanke shi da tina a sa firaima mai ifoksi shafi 2, sama da ƙasa. Jan firaima da aka saba yana yi in an rufe shi da fenti, amma shi kaɗai ba ya tare ruwa. Bayan ya bushe a bi layin waldar da gam ɗin toshe haɗi mai foliyuretan ta ɓangarorin biyu. Silikon ɗin gilashi mai warin tsami ba ya shiga nan, shi kansa yana tayar da tsatsa. Sai fenti, sannan kwaltar kariya ta ƙasa. Disamba da Janairu sun fi daɗin wannan aiki, fenti ya fi saurin kamawa.

Cikin shasi da dogon akwatin ƙarƙashin ƙofa buroshi ba ya kaiwa, sai a fesa kakin kariya ta ramukansu da dogon tiyo, sau ɗaya a shekara kafin ruwan Afrilu. Baƙin mai da wasu ke fesawa yana ɗan tare tsatsa, amma yana kumbura roba ya tara ƙasa. A mayar da robobin toshe ramukan daɓe, a sake gwajin tiyo, sannan a mayar da kafet. Tsohon tsumman a jefar, a sa soson da ba ya shan ruwa.

Duk ranar da motar ta ratsa ambaliya ko yashin bakin teku, a wanke ƙarƙashinta da ruwan famfo, musamman ramin taya da saman tanki inda laka ke maƙalewa. In ruwa ya shigo ciki, a ɗaga kafet a ranar, a cire robobin daɓen ya tsiyaye, a bar ƙofofi a buɗe cikin rana har sai abin da ke ƙarƙashin kafet ya bushe, ba saman kafet kaɗai ba.