Yadda ake rage tsoron allura

Akwai magidancin da zai kayar da bijimi ranar sallah ko a jikinsa, amma da zarar nas ta ɓare sirinji daga leda sai gumi ya karyo masa. Ba ragwanta ba ce, yadda jiki ke amsawa ne, kuma ana iya horar da shi. Sai dai kafin komai, gano wane iri ne naka, domin dabarar da ke taimakon wani tana iya kayar da wani.

Iri na farko shi ne na masu suma. Bugun zuciya da ƙarfin gudun jini suna hauhawa da fari, sannan su faɗi kwatsam, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Alamunsa: jiri, duhu-duhu a ido, tashin zuciya, gumi mai sanyi, kunne na ƙara. Iri na biyu na masu firgita ne: zuciya na dukan uku-uku, numfashi sama-sama, jiki na kyarma, amma ba faɗuwa.

Idan kana cikin masu suma, kada ka bi shawarar “saki jikinka” da kowa ke bayarwa, sakin jiki ƙara saukar da jinin yake yi. Abin da ke aiki shi ne ɗaure tsoka, dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya fito da ita a 1987. Zauna a kujera. Ɗaure tsokar hannuwa, ƙirji, ciki da ƙafafu na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ka ji ɗumi ya hau fuskarka. Sassauta na daƙiƙa 20 zuwa 30, amma ka koma yadda kake ne kawai, ba ka yi laƙwas ba. Maimaita sau 5. Yi haka sau 3 a rana har mako guda kafin ranar allurar. Kurakurai biyu ake yawan yi: riƙe numfashi, da yamutsa fuska ana cije haƙora, wanda ke jawo ciwon kai. Ranar allurar kuwa, hannun da za a soka ka bar shi a sake, ka ɗaure ƙafafu da ciki kaɗai, don allura ta fi zafi a tsokar da aka ɗaure. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tambayar likitansa.

Mai firgita shi ne ke buƙatar numfashi. Ɗora hannu a kan cibiya, ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, ka fitar ta baki a tsawon da ya ɗara na shaƙar. Sau biyar a jere ya isa.

Sai aikin da ya fi cin lokaci, wato sabo. Rubuta abubuwan da ke tayar maka da hankali, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Misali: jin ana hirar allura, 2, kallon hotonta, 4, kallon bidiyon ɗibar jini, 6, riƙe sabon sirinji da murfinsa a rufe, 7, raka wani riga-kafi kana kallo, 8, a yi maka da kanka, 10. Fara daga ƙasa. Tsaya a kan matakin, kana amfani da dabararka, har tsoron ya sauka kamar rabi, kuma ka maimaita shi kwanaki da dama kafin ka hau na gaba. A nan mutane ke ɓata aikin: da zarar gaba ya faɗi sai a kashe bidiyon. Sauƙin da ake ji bayan gudun shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ta, gobe tsoron ya dawo da ƙarfinsa. In mataki ya gagara, raba shi biyu: kalli bidiyon ba sauti, ko daga nesa.

Ranar zuwa asibiti, ci abinci, sai fa in gwajin na buƙatar zuwa da azumi. Sha ruwa kamar leda ɗaya, wato rabin lita, kimanin rabin sa'a kafin lokacin. Yana rage jiri, jijiya ma ta fi saurin samuwa. Faɗa wa ma'aikacin gaskiya tun kafin ya ɗauko kayan aiki: “Ina suma idan aka yi mini allura, a bar ni in kwanta.” Sun saba jin haka, kuma sun fi son su ji da su ɗaga ka daga ƙasa da fasasshen goshi. A bar sifirit ya bushe kafin a soka, jiƙaƙƙen sifirit na ƙara raɗaɗin da ake ɗora wa allura. Bayan an gama, zauna minti 15 kafin ka miƙe, balle ka hau babur.

Wanda zafin ne damuwarsa zai iya neman man kashe zafi irin EMLA. Ana shafa shi da kauri, a rufe da filasta, a bar shi sa'a guda cur. Minti goma ba ya yin komai. Fata kaɗai yake kashewa, saboda haka za a ɗan ji nauyin allurar tsoka. A tambayi ma'aikacin lafiya daidai wurin shafawa, kuma kada a shafa wa jariri sai da izininsa.

Mafi yawan wannan tsoro tun yarinta ake shuka shi, sau da yawa da bakinmu: “In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura.” A daina. Kada kuma a ce wa yaro ba zafi, zai gane ƙarya ce. A ce zai ji kamar cizon cinnaka, kafin ya ƙirga biyar ya wuce. A zaunar da shi a cinya a rungume, maimakon a kwantar da shi mutum uku su danne. Jariri kuwa a sa masa nono tun kafin allurar, ya ci gaba da sha har a gama.

Idan tsoron ya kai ga fasa awon ciki, tsallake allurar insulin ta masu ciwon suga ko ƙin gwajin jini, a nemi likitan halayyar ɗan Adam. Irin wannan horon na mataki-mataki yake yi, kuma galibi zama kaɗan ake buƙata.