Kurakuran da kuke yi a BIOS bayan kun canza kayan kwamfuta

Wallahi na gaji. Sati ba ya wucewa nan Gusau sai wani ya sungumo kwamfuta ya kawo min shago, wai "Malam na sa mata sabon kaya ta ƙi tashi", in na duba kuma kuskuren jiya ne dai aka sake.

Wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci shi ne ofdet ɗin BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta kafin Windows, da wutar gari. Ni kaina ya ci ni. Madabod ɗina, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, B450 ce, na sayo furosesa Ryzen 5 5600, kuma ba za ta gane shi ba sai an sabunta BIOS, na ga wuta ta zauna tun safe na ce bari in yi sauri, abu ya kai rabi ɗif aka ɗauke. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, ko tambari babu. Ba ta da maɓallin Flashback da ake sake zuba BIOS da shi ko kwamfuta ba ta tashi ba, haka na haƙura na sayi wata da kuɗin da na tara na hayar shago. Tun ranar ba na taɓa wanga aiki sai kan UPS ko inbata mai cikakken caji, janareta ma ban yarda da shi ba. Fayil ɗin ofdet ɗin ka duba sunan madabod harafi da harafi kafin ka sauke, filashi ya zama an yi masa fomat ɗin FAT32, kuma don Allah kar ka cire tsohon furosesa sai ka gama.

Sai rigimar Windows 11. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025 kowa na tsere ya kunna TPM 2.0 da Secure Boot, saitunan tsaro biyu a BIOS, don ya hau Windows 11. TPM ba wuya, PTT yake a Intel, fTPM a AMD. Amma Secure Boot sai ka kashe CSM, saitin da ke tada kwamfuta ta tsohuwar hanya, in kuma diski ɗinka MBR ne, wato tsohon tsarin raba diski, kana kashewa zai ɓace daga jerin boot. Nan ne mutane ke ruɗewa su yi fomat! Wani yaro daga Tudun Wada haka ya share furojet ɗin yayarsa na ƙarshen karatu, ya zo min ido jawur, alhali diskin lafiya lau yake. Haba jama'a, wa ya ce ku yi fomat? Ka mayar da CSM, ka shiga Windows, ka kwashe fayilolinka, ka juya diskin zuwa sabon tsari, GPT, da umarnin mbr2gpt na Windows, sannan ka kashe CSM ɗin. Mai BitLocker, wato kullen diski na Windows, ya rubuta makullinsa a takarda tukuna.

RAM mai gudun 3200 na nuna 2133? Ba cutarka aka yi ba, XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, ne ba ka kunna ba. Guda biyu kuma yawanci rami na 2 da na 4 ake sa su. Ka sa katin hoto, wayar HDMI ta koma jikinsa. Agogo na komawa baya kullum, batirin CR2032 na kan madabod ne ya mutu. Ka canza saitin diski na AHCI ka ga allo shuɗi, mayar da shi yadda ka same shi.

Ni dai kafin in taɓa komai sai na ɗauki hoton kowane shafi da waya, kuma abu ɗaya nake canzawa in kunna in gani. In ta ƙi gaba ɗaya, cire wuta, cire batirin nan minti 5, ka mayar.