Idan Kwamfuta Tana Tsaitsayawa Lokacin Kallon Bidiyo

Bidiyo na sarƙewa, fanka na ƙugi, linzami ya ƙi motsi? Yawanci furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta.

1. Kana cikin kallon, danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki a Windows, zai buɗe. Taɓa kan layin CPU (furosesa ke nan), manhajar da ta fi cin ƙarfi za ta hau sama. Rufe duk wadda ba ka buƙata, har da tarin shafukan Chrome.

2. Sau da yawa a nan matsalar take. Sarrafa bidiyo ya fito kan allo aikin katin hoto ne, wato ɓangaren kwamfuta mai kula da hotuna. Idan an kashe wannan hanya, furosesa ke ɗaukar nauyin ita kaɗai. A Chrome shiga Settings, sai System, ka kunna graphics acceleration, ka sake buɗe shi. A VLC kuwa bi Tools, Preferences, Input/Codecs, ka mayar da Hardware-accelerated decoding kan Automatic.

3. Rage bidiyon zuwa 720p. Tsofaffin laftof na hannu da yawa katin hotonsu ba ya iya AV1, wani tsarin bidiyo da YouTube ke turowa.

4. Jona caja, domin tsarin tanadin batir yana rage gudu.

5. Sa hannu a bakin fanka. Ƙurar hunturu tana toshe ta, ga zafin Bauchi na watan Afrilu, sai furosesa ta sassauta don kada ta ƙone. Daina ɗora laftof kan katifa, don Allah. Idan iska ba ta fitowa, kai wa mai gyara a kasuwar Wunti ta Bauchi ya share ƙurar.