Kurakuran da masu yawon keke ke yi a garuruwan kogin Loire

Hanyar keke da Faransawa ke kira Loire à Vélo ta kai kimanin kilomita 900. Tana bin gaɓar kogin Loire daga kusa da garin Nevers, ta ratsa Orléans, Blois, Tours, Saumur da Nantes, ta dire a bakin tekun Atlantika. Hawa bai da yawa, har yara da tsofaffi na bin ta. Amma sai ka ga mutum ya yi mako guda a kanta ya dawo yana cewa mutanen can ba su da fara'a. Sau da yawa shi ya ɓata rawarsa da tsalle tun a ƙofar shagon farko.

Abin mamaki, Bahaushen da ba ya shiga zaure sai da sallama, da ya sauka Turai sai ya ajiye gaisuwa a filin jirgi, wai Nasara ba ruwansa da ita. A ƙauyen Faransa kuwa, in ka shiga shagon burodi ba ka ce "Bonjour madame" ba, ka nuna abin da kake so da yatsa, za a ba ka, amma fuska a ɗaure. Na gani da idona a wani ƙauye kafin Amboise: wani baƙo ya shigo da hular kwano a ka, ya fara da tambayar farashi, matar ta dube shi ta ce "Bonjour" da ƙarfi, ta yi shiru sai da ya amsa. Ni da na gaishe ta da gurguwar Faransancina, har gorar ruwana ta cika min, ta kuma kwatanta min wata hanya ta cikin gonakin inabi. Ka gaisa in ka shiga, ka ce "Au revoir", wato sai an jima, in za ka fita, ka riƙe "vous", wato "ku" na girmamawa, ga duk wanda ba ka saba da shi ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu a nan, sai dai su ma su kula da saurin komawa "tu", wato "kai" ko "ke" na sabo.

Kuskure na biyu shi ne tafiya da agogon cikinka maimakon na garin. A ƙananan garuruwa shaguna da yawa na rufewa da tsakar rana, su sake buɗewa bayan ƙarfe 2 ko 3. Gidajen abinci na ba da na rana ne tsakanin 12 da 2. Ka iso 2:30 da yunwa, sai dai a ba ka haƙuri. Yammacin Lahadi gari kan mutu murus, wasu shagunan ma har Litinin. Maganinsa ka sayi burodi, cuku da 'ya'yan itace tun da safe ka ɗaure a bayan keke.

Sai masu ƙirgen kilomita. Su burinsu 100 a rana, kai a sunkuye, ido a kan taya. Irin waɗannan su ke wuce Amboise ba su san a gidan Clos Lucé na garin ne shahararren mai zanen nan ɗan Italiya Leonardo da Vinci ya rasu a 1519 ba, shekarar da aka fara ginin fadar Chambord a zamanin Sarki François na ɗaya. Su wuce kasuwar safiyar Lahadi ta bakin kogi, inda ake sayar da cukun awaki na Sainte-Maure mai tsinken kara a tsakiya. A wajen Saumur ma akwai gidajen da aka sassaƙa cikin farin dutse, ramukan da aka haƙo dutsen gini kuma yanzu ana noman naman kaza a wasunsu. A ganina kilomita 40 zuwa 50 ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Musulmi ya yi hattara da abinci, don alade kan ɓuya inda ba a zata ba. Rillettes da Tours ke tinƙaho da shi naman alade ne, haka ƙananan yankan da ake kira lardons da ake barbaɗawa a salak. Ka tambaya: "Sans porc?", wato babu alade? Mahautan halal galibi sai a manyan garuruwa irin su Orléans da Tours. Sannan a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 10 na dare, ka duba lokutan salla kafin ka tsara zango.

Mutane da yawa kan tashi daga gabas su bi ruwa zuwa teku, suna ganin gangara ce. Gangaren ba a ma jin sa, iskar da ta fi kaɗawa kuma daga yamma take, tana dukan ƙirji. In za ka iya, fara daga Nantes iska ta tura ka.

Kada ka sa ran mai faci a gindin bishiya kamar a Kano. Ka tafi da tub guda biyu, famfo da gam, ka koyi cire taya tun a gida. Masaukai masu alamar Accueil Vélo na da wurin ajiye keke da ɗan kayan gyara. Doka kuma ta hana sa abin jin waƙa a kunne kana kan keke, yaro ɗan ƙasa da shekara 12 dole ya sa hular kwano.

In ruwa ya ƙare maka ana zafi, shaguna a rufe, nemi maƙabartar ƙauyen. Kusan kullum akwai famfo kusa da ƙofa na masu ban ruwan furanni, masu keke kan cika gora a nan. Ka dai duba ko an rubuta "eau non potable", wato ba na sha ba ne. In ka tarar da wata tsohuwa tana cika bokitinta, ka gaishe ta, ka jira ta gama.