Ga masu fitar da lissafi zuwa Excel

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu riƙe wa 'yan kasuwa lissafi a Mile 12 da Agege a Legas, ga abin da ya same ni makon jiya.

Na fitar da sunayen kwastomomin Alhajin da nake riƙe wa lissafi daga manhajar shago a matsayin fayil ɗin CSV (fayil na rubutu zalla da ake raba bayanansa da waƙafi), na danna shi sau biyu, Excel ya buɗe. Kai! Duk lambobin waya sifirin gabansu ya ɓace, 0803 ta koma 803. Lambar akawun ta banki mai lamba 10, in da sifiri ta fara, ita ma haka. Wadda kuma ta wuce lamba 15, Excel yakan mayar da lambobin da ke bayan ta 15 ɗin su zama sifiri, kuma in ka adana a haka, shi ke nan, sun tafi.

To kada ku buɗe shi kai tsaye. Ku buɗe Excel tukuna, ku shiga Data, ku zaɓi From Text/CSV, ku danna Transform Data, sannan ku mayar da layin lambobin nan Text kafin ku shigo da su. Kafin ku danna Transform Data ɗin, ku tabbatar an zaɓi UTF-8, wato tsarin karanta haruffa, in ba haka ba ƙ da ɗ da alamar ₦ za su fito kamar rubutun aljanu.

Ku duba kwanan wata ma, don kwamfutar da ke kan saitin Amurka tana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris. Ni dai yanzu ina ajiye asalin fayil ɗin gefe, kan kwafi nake aiki.