Yadda ake cin kifi a Iskandariya ba tare da an yi maka wayo ba

In Allah ya kai ka Masar, karatu ne ko asibiti ko sari, ka daure ka ware kwana ɗaya ka hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis a Alƙahira zuwa Iskandariya, tafiyar kamar awa uku ce. Garin a bakin Bahar Rum yake, abincinsu kuwa kifi ne, amma fa ba irin sayen da muka saba ba.

Kana sauka ka ce wa mai tasi Bahari ko Anfushi, wajen masallacin Abul Abbas al-Mursi, hanyar da ke kaiwa ganuwar Ƙaitbai. Can masunta suke, can kasuwar kifi take, kuma gidajen abincin wajen ba ruwansu da ƙyale-ƙyale, wasu ma takarda kawai za su shimfiɗa maka a tebur. Manyan wuraren nan masu gilashi na kan titin Kornish ni dai ban cika ba da shawararsu ba, rabin kuɗin na kallon teku ne.

To ga inda maganar take. Kar ka shiga ka zauna kana jiran a kawo maka takardar abinci. Wuce kai tsaye wajen da aka jera kifi a kan ƙanƙara, kai za ka zaɓa da hannunka, a ɗora a sikeli a gabanka don da kilo ake sayarwa. Ka tambaya tun kafin a taɓa shi, "bikam el-kilo?" wato nawa ne kilo, ka kalli sikelin da idonka, ka ji jimillar kuɗin sannan a wuce da shi kicin, domin in ya riga ya hau wuta babu sauran ciniki, abin da suka rubuta shi za ka biya. Duba idon kifin, in ya yi fari-fari ya lotsa bar musu kayansu, ɗaga kunnen nan nasa ka ga ja ne, danna jikin da yatsa ka ga naman ya dawo. Kar ka ji kunya, su ma 'yan garin haka suke yi.

Sunaye kaɗan sun ishe ka: buri, denis, ƙarus (su arus suke cewa, ba sa furta ƙ ɗin), sai gambari wato jatan lande, da kaboriya wato ƙaguwa ga mai iya ci. Za su tambaye ka yadda za a yi shi, maƙli soyayye, mashwi gasasshe, ko singari wanda ake buɗe kifin a baje a zuba tumatir da albasa da tattasai a sa a tanda. Ni buri gasasshe da radda nake so, dusar alkama ce ake birkiɗa shi a ciki a gasa har bayan ya yi baƙi ƙirin, kana gani ka ce sun ƙona maka kuɗi, ashe ba a cin fatar, ɗaye ta ake yi sai ga nama fari tas yana turiri, ka matsa lemun tsami ka ci da shinkafar sayadiya mai launin ƙasa da aka dafa da soyayyar albasa.

Kafin kifin ya iso za a cika maka tebur da tahina (markaɗaɗɗen riɗi) da baba ganug (markaɗaɗɗen gasasshen yalo) da salak da gurasarsu aish baladi, a wurare da yawa ba kyauta ba ne, tambaya. Yaji kuma sai ka ce shatta, in ba haka ba bakinka zai ji salam.

Abincin rana a can sai wajen la'asar ake yi, ran Juma'a da lokacin zafi kuwa duk Alƙahira ta kwararo bakin teku, gara ka je da wuri. In takardar kuɗi ta zo ka duba ko an ƙara na hidima da haraji, wuraren da suka ɗan girma suna sawa, duk da haka ana barin wa yaron da ya yi maka hidima ɗan bakshish a hannu, ka riƙe canji.

In aljihu ya yi sanyi akwai ful (dafaffen wake) da falafel (kamar ƙosai) a gidan abincin Muhammad Ahmad kusa da wajen da ake kira Mahattat Raml, ko sanwicin kibda iskandarani, hanta ce da barkono da tafarnuwa. Fesikh kawai zan ce ka yi hattara da shi, ruɓaɓɓen kifi ne mai gishiri da suke ci lokacin bikin Sham el-Nasim, ba na cikin baƙo ba ne.