Yadda mai tsohon ciki za ta shirya abincin biki tun kafin ranar

Da zarar ciki ya haura mako 28, aikin da kika saba gamawa cikin awa 2 sai ya cinye miki wuni. Tsayuwa gaban murhu na kawo ciwon baya da kumburin ƙafa, sunkuyo ya yi wuya, ga numfashi sama-sama. Idan biki ya matso kuma a gidanki za a ci abinci, mafita ita ce ki rarraba girkin cikin mako 3 zuwa 4, yadda ranar babu abin da zai rage sai dafa shinkafa ko dankali, ɗumame da zubawa. Ki auna shirin da tambaya ɗaya: in naƙuda ta taso da asubar ranar, wani zai iya buɗe firji ya fito da abincin ba tare da ya kira ki a waya ba? Daga mako 37 haihuwa na iya zuwa kowace rana, kuma jarirai kaɗan ne ke zuwa daidai ranar da aka rubuta a katin awo.

Mako 4 kafin biki: lissafi a takarda

Fara da ƙirga makon da cikin zai kai ranar bikin. In zai wuce 36, ki rage yawan baƙi, ko ki nemi wadda za ta riƙe kicin ranar, ki sanar da ita tun yanzu. Sannan ki tsayar da kala huɗu: nama a cikin miya ko romo, shinkafa ko dankali, kayan lambu, da abin zaƙi guda ɗaya. Naman da ke cikin miya shi ya fi jure daskarewa, domin ruwan yana hana shi bushewa wajen ɗumame. Duk abin da sai an soya shi a ci da zafinsa ki cire shi daga jerin, shi ne ke tsayar da mace awa guda gaban tafasasshen mai.

Ga awon mutum ɗaya: tsokar nama giram 150 zuwa 200, mai ƙashi giram 300, ɗanyar shinkafa giram 75 zuwa 100, dankali giram 200, kayan lambu giram 150. Ga mutum 10 ke nan tsoka kilo 2, shinkafa kilo 1, kayan lambu kilo ɗaya da rabi. Kaza mai kilo ɗaya da rabi tana isar mutum 4.

A wannan makon ne kuma za ki duba firji. Ki sa ma'aunin sanyi a ciki ya kwana: firji ya kasance digiri 4 na Salsiyas ko ƙasa, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Ki cinye ko ki kwashe tsofaffin kaya don a sami wuri, ki tanadi robobi masu murfi marasa zurfi, masu cin lita 1, da ledar firiza, da ma'aunin zafin nama. Sayayya mai nauyi, irin su buhu da galan na mai da katan na abin sha, wani ya ɗauko ya kuma ajiye su a kan kantar kicin daidai ƙugu, kada a dire a ƙasa inda sai kin sunkuya.

Mako 3 zuwa 2: girki da daskararwa

Kala ɗaya a rana, ba ƙari. Yau miya, gobe hutu, jibi nama, gata kek. Ki yi aikin a lokacin da jikinki ya fi ƙarfi, wanda ga yawancin mata hantsi ne.

Ki sauke naman da ɗan saura kafin ya yi lugub, domin ɗumame zai ƙarasa shi, amma ya dahu har ciki: kaza ta kai digiri 74 a wuri mafi kauri na cinya ba tare da ma'aunin ya taɓa ƙashi ba, jan nama da niƙaƙƙen nama su kai 71. Gishiri da yaji ki sa kaɗan, a gyara ranar ci. Kirim ko madara kada su shiga miyar da za a daskarar, suna tsinkewa su rabu da mai idan ta narke. A zuba su lokacin ɗumame. Kada ki wanke ɗanyar kaza a famfo, tartsatsin ruwan ne ke watsa ƙwayoyin cuta kan kwanuka da kanta, dahuwa ce ke kashe su. Katakon yankan nama daban, na kayan lambu daban, sannan wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan taɓa ɗanyen nama.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen hucewa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma babbar tukunyar miya, ko an cusa ta a firji, tsakiyarta na iya ɗaukar sa'o'i da yawa da ɗuminta. Ki taɓa gefen tukunyar ki ji sanyi, ki luma ludayi tsakiya ki ga tururi na tashi. A wannan ɗumin ne abinci ke lalacewa ba tare da ya canza wari ko ɗanɗano ba. Don haka kina saukewa ki kwashe da ludayi cikin robobi, kaurin abincin kada ya wuce santimita 5. Ki jera su a tire mai ruwan sanyi ko ƙanƙara, murfi a buɗe, kina juyawa lokaci-lokaci. Cikin awa 2 da saukewa su shiga firji ko firiza, in kuma zafin ɗakin ya haura digiri 32, cikin awa 1. Barin tukunya ta kwana a kan murhu don a tafasa da safe ba ya cikin tsarin nan ko kaɗan.

Ki bar sarari kamar santimita 2 a saman kowace roba, domin ruwa na kumbura idan ya daskare, ya ɗaga murfi ko ya fasa robar. Abin da kika zuba a leda ki matse iskar, ki kwantar da shi ya yi faɗi kamar littafi. Ya fi saurin daskarewa, ya fi saurin narkewa, kuma yana jeruwa. A jikin kowanne ki rubuta suna, kwanan wata, da yadda za a ɗumama. Miya da nama suna riƙe daɗinsu wata 2 zuwa 3 a firiza.

Kayan lambu kuwa sai an ɗan sulala su kafin daskarewa, in ba haka ba launi da ɗanɗano su gudu. Koren wake minti 3 a tafasasshen ruwa, yankakken karas minti 2, a tsame da matsami a jefa cikin ruwan ƙanƙara na daidai wannan lokacin, a tsane sosai. Ɗanyen dankali, latas, kokwamba da dafaffen ƙwai ba sa son firiza. Kek kuma yana so: ya huce sarai, a naɗe shi ninki biyu, a bar kwalliyar sai jajibiri.

Idan wuta ta ɗauke, kada a riƙa buɗe ƙofa. Firji a rufe yana riƙe sanyi kimanin awa 4, cikakkiyar firiza awa 48, mai rabin kaya awa 24. Abin da har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke ya yi ɗumi a zubar, ko da an yi asara.

Yadda za ki tsare jikinki a kicin

A ƙarshen ciki jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi suna saki, nauyin jiki kuma ya karkata gaba, shi ya sa tuntuɓe da targaɗe ke da sauƙi. Cikin ma yana tokare kantar kicin, sai ki ga kin miƙa hannu kin ranƙwafa ba ki sani ba, da yamma baya ya riƙe. Duk yanka da fere da gyaran ganye ki yi su a zaune a teburi, da matashi a bayanki. In tsayuwa ta zama dole, ki ɗora ƙafa ɗaya kan ƙaramar kujera kina sauyawa, kuma bayan minti 20 zuwa 30 ki zauna ki ɗaga ƙafafu. Doguwar tsayuwa wuri ɗaya tana tara jini a ƙafafu, daga nan jiri ke tasowa. Ki sa ƙararrawar waya ta riƙa tuna miki, domin mai girki ba ta jin gajiya sai ta zauna.

Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, tukunya mai lita 8 ta wuce kilo 8 kuma tana tafasa. Kada ki ɗauke ta, ki kwashe da ludayi ko ki kira wani. Kada ki hau kujera ɗauko kwano a sama. Mariƙin tukunya ki juya shi gefe don kada ciki ya ture shi, mayafi da faffaɗan hannun riga su yi nesa da wuta, ruwan da ya zube a goge nan take. Mata da yawa yatsunsu kan yi sanyi ko su mutu a wannan lokaci saboda kumburi yana danne jijiyar wuyan hannu. Ranar da kika ji haka, ki ajiye wuƙa. Taga ta kasance a buɗe, musamman in da gawayi ake aiki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana rage iskar da jariri ke samu. Gorar ruwa ta zauna kusa da ke, ki sha kofi 8 zuwa 12 a wuni. Ƙarancin ruwa da gajiya na sa ciki ya riƙa ɗaurewa; in ya ɗaure, ki sha ruwa ki kwanta ta gefen hagu, ba rigingine ba.

Kwana 3 zuwa jajibiri

Narkarwa a firji ake yi, ba a kan kanta ba, domin waje yana ɗumi tun tsakiya na ƙanƙara. Ɗanyen nama ko kaza na buƙatar awa 24 ga kowane kilo 2 zuwa 2 da rabi, a cikin tire a can ƙasan firji don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abinci. Robobin miya ki sauko da su firji da daddare saura kwana 2. In an makara, a nutsar da ledar a ruwan sanyi, ana canza ruwan duk minti 30, kimanin awa 1 ga kowane kilo, a kuma dafa nan take.

Ranar jajibiri aikin zaune ne kawai: fere dankali a bar shi cikin ruwa a firji, wanke ganye a tsane, kwalliyar kek. A fito da farantai da cokula da kuloli. Sai ki rubuta takarda ki manna a ƙofar firji: me za a fitar, ƙarfe nawa, a wace tukunya, wa zai yi. Ki kira kowa da sunansa da aikinsa, domin “a taimaka mini” ba ya ɗaga kowa daga kujera. Jakar asibiti da katin awo su kwana a bakin ƙofa.

Ranar bikin

Shinkafa ko dankali kaɗai za a dafa ranar. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta jima da ɗumi sai ta fitar da dafin da ɗumame ba ya kashewa. In dole sai an dafa tun jiya, a baza ta a tire ta huce cikin awa 1, ta shiga firji, a ci cikin kwana 1.

Miya a ɗora ta a wuta kaɗan da ɗan ruwa, ana juyawa har ta tafasa ko'ina. Nama a obin a rufe shi don kada ya bushe, tsakiyarsa ta kai digiri 74. Sau ɗaya ake ɗumame, saboda haka a fitar da iya abin da za a ci, sauran robobin su jira a firji. Abin da aka jera a teburi, ƙa'idar awa 2 ta hau kansa. A tattara ragowar, a ci cikin kwana 3 zuwa 4.

Farantinki ke kuma a zuba shi da fari, yana tururi. Dalili shi ne ƙwayar Listeriya, wadda ke ci gaba da yaɗuwa ko a cikin sanyin firji. Hukumar CDC ta Amurka ta ce mai ciki ta fi sauran mutane haɗarin kamuwa da ita kusan sau 10, kuma tana iya jawo haihuwar bakwaini ko mutuwar jariri a ciki, alhali uwar zazzaɓi da ciwon jiki kawai ta ji, wani lokaci makonni bayan cin abincin. Zafi na kashe ta. Don haka ki bar naman sanyi da ba a ɗumama ba, da madarar da ba a dafa ba da cukun da aka yi da ita, da haɗin ganyen da ya jima a teburi, da duk abin da aka haɗa da ɗanyen ƙwai. Hanta ma ki bar wa baƙi, bitamin A ɗinta ya yi wa mai ciki yawa. Ki ci kaɗan-kaɗan saboda ƙwannafi, kada ki kwanta sai bayan awa 2 zuwa 3 da ci.

Akwai alamomin da ba a jira baƙi su watse: jini, fashewar faya ko ɗigar ruwa, ciwon mara da baya mai zuwa yana dawowa a kan lokaci wanda hutu bai kwantar ba, raguwar motsin jariri, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ko zazzaɓi. Kowace kika gani, a kashe murhu a tafi asibiti, wadda kika wakilta ta bi takardar da ke ƙofar firji.